Ladabin musu a zauren semina: magana ga 'yan uwana ɗaliban digiri na biyu

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri ku bi ni a hankali, musamman waɗanda ke shirin tsayawa gaban malamai su kare bincikensu a wannan zangon.

Akwai kwas guda da ba ya cikin jadawalinmu, alhali duk wanda ya shigo digiri na biyu yana buƙatarsa tun makon farko. Ina nufin ladabin musu: yadda za ka ce wa mutum bai yi daidai ba, a gaban jama'a, ya tashi ya tafi da gyara a hannunsa maimakon ƙulli a zuciyarsa. An koya mana hanyoyin bincike, an koya mana yadda ake jera sunayen littattafai a ƙarshen kundi, har wurin da waƙafi zai zauna. Amma yadda za a haɗu a ɗaki guda a yi gardama kan ilimi a rabu lafiya, wannan an bar kowa ya tsinta a hanya.

Ga wanda bai taɓa shiga semina ba, ga yadda abin yake. Ɗalibi zai tsaya da majigi, a ba shi kamar minti 15 ko 20 ya bayyana abin da yake son bincikawa, da dalilinsa, da hanyar da zai bi ya tattara bayanai. Daga nan a buɗe fili, malamai su fara, ɗalibai su biyo baya. Idan ya kammala aikin zai sake tsayawa, kafin ranar ƙarshe da ake gayyato malami daga wata jami'a ya zo ya jarraba shi. Hikimar tsarin ita ce aiki ya sha suka a gida tun yana ɗanye, lokacin da gyara ke da sauƙi, kafin baƙo ya ɗora ido a kansa.

To amma a aikace, zaman yakan ƙare a ɗayan hali biyu.

Na farko shi ne dambe. Wani zai ɗaga hannu, ba shi da tambaya, so yake a san ya yi karatu. Minti biyar yana zuba sunayen Turawa, a ƙarshe ya rufe da cewa shi gaskiya bai ga aiki a nan ba. A bushe da dariya. Wani kuma duk shafi arba'in bai ga abin kamawa ba sai yadda mai magana ya furta wata kalmar Turanci. Mai gabatarwa ya koma kujerarsa jiki na ɓari, takardar da ya tanada don rubuta gyara fara fat, don ba a ba shi abin rubutawa ba.

Na biyu shi ne shiru. An ƙulla a ɓoye: rufa ni, in rufa ka. Kowa ya ce aiki ya yi kyau, Allah ya sa albarka, a raba lemo da cincin a watse. Ramin da ke cikin babi na uku kowa ya gan shi, ba wanda ya nuna. Sai ranar da malamin waje ya zo ya tono shi, sannan a fara cewa mutumin nan mugu ne.

Ra'ayina shi ne halayen nan biyu uwarsu ɗaya: ba mu raba mutum da aikinsa. Mai dambe yana dukan mutum yana zaton aiki yake duka. Mai shiru yana tsoron idan ya taɓa aiki, mutum ya taɓa. Ladabin musu shi ne abin da ke raba biyun, har a iya faɗar gaskiya mai ɗaci ranar Litinin a zauna benci ɗaya ranar Talata.

A Iware na tashi, nan cikin ƙaramar hukumar Ardo Kola a kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, kuma duk wanda ya san garin ya san shi da kasuwar shanu. Ban taɓa ganin wurin da ake saɓani mai zafi cikin ƙa'ida kamar kara ranar kasuwa ba. Kuɗi ne masu nauyi, mutanen kuma yawanci ba su san juna ba: makiyayi ya fito daga ruga, mahauci ya zo daga gari, falke ya kawo tirela zai loda zuwa Kudu. Kowa na son ya ci riba a kan ɗan uwansa. Duk da haka da wuya ka ji an zagi uban wani, saboda akwai dokokin da ba a rubuta ba amma kowa ya haddace.

Mai saye yana da damar ya kushe sa iyakar ƙarfinsa, amma sai da hujja. Zai buɗe baki ya duba haƙora don ya san shekaru, ya dafa tozo, ya kalli kofato da yadda dabbar ke taka ƙasa. Idan ya ce san nan ya rame, zai nuna maka haƙarƙarin. Abin da ba zai ce ba shi ne kai ba ka iya kiwo ba. Idan ya taya kuma tayin bai yi wa mai kaya ba, kalma ɗaya ce amsar: albarka. A'a ce tsantsa, amma an naɗe ta cikin addu'a, ƙofa kuma tana nan a buɗe don a ƙara. Sannan ba a shiga cinikin wani. In ka ga ana tayi, ka tsaya gefe har a sallama ko a rabu. Ga kuma dillali a tsakani, wanda la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, don haka aikinsa shi ne kada zafin magana ya kashe cinikin.

Ka ɗauki waɗannan ka kai zauren semina, kusan an gama. In za ka soki aiki, nuna shafi. Ce masa: a shafi na 12 ka ce za ka yi hira da manoma 200 a ƙananan hukumomi uku, amma wata biyu ka ware, kuma lokacin damina ne, yaya za ka kai? Wannan suka ce mai zafi, ta ma fi "ban ga aiki ba" zafi, domin ba a kauce mata. Bambancin shi ne mai aikin zai koma gida da abin yi. Ka bari mutum ya ƙarasa amsarsa kafin ka faɗo. Shi kuma mai gabatarwa yana da tasa albarkar: na gode, na ji, amma ban yarda ba saboda kaza da kaza.

Wani zai ce ai ciniki daban, ilimi daban, a ilimi gaskiya ake nema ba daidaitawa ba. Na yarda. To mu duba yadda malaman ƙasar nan suka yi musu a kan abin da ya fi kundin digiri nauyi nesa ba kusa ba.

A 1808 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Gazargamu, hedikwatar Barno. Malamin da ya tsaya wa Barno, Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda aka fi sani da Shehu Laminu, bai tsaya ga takobi kawai ba. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa shugabannin jihadi wasiƙu yana tambayar hujjarsu ta yaƙar ƙasar da ta daɗe da Musulunci. Hujjarsa ita ce laifuffukan da ake zargin mutanen Barno da su saɓo ne, saɓo kuma ba ya fitar da mutum daga addini, kuma ana samun irinsu a sauran ƙasashen Musulmi. Muhammadu Bello, tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1817, ya mayar da martani, yana kafa hujja da cewa sarakunan Barno sun mara wa sarakunan Hausa baya a yaƙinsu da jama'ar Shehu. Wasiƙun suna da zafi, ba su kuma kai ga yarda da juna ba. Abin da ya ja hankalina shi ne abin da Bello ya yi da su. Da ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, sai ya kwafe maganar abokin hamayyarsa ya sa a cikin littafin nasa, sannan ya amsa. Shi ya sa yau, bayan shekara fiye da 200, ɗalibin tarihi zai karanta hujjar al-Kanemi da lafazin al-Kanemi, a cikin littafin mutumin da ke yaƙi da shi, har ya yanke wa kansa hukunci.

Wannan ita ce ƙa'idar da na fi son mu ɗauka. Kafin ka rushe maganar mutum, maimaita ta yadda shi da kansa zai ce e, haka nake nufi. Rabin hayaniyar da ake yi a seminocinmu, da musun da ake ƙarasawa a teburin mai shayi bayan an tashi, ana yin su ne da maganar da ba wanda ya faɗa. An ce taki na zamani yana da illa ga ƙasa idan ya yi yawa, sai wani ya miƙe yana kare manoma daga wanda ya ce a hana su taki. Minti goma sun tafi a banza. Da ya fara da "in na fahimce ka, cewa kake yi kaza", da an gyara masa cikin daƙiƙa biyar.

Sai batun kunya, wanda shi ne ginshiƙin masu shiru. An tarbiyyantar da mu a kan kada ƙarami ya musa wa babba, kuma a ajin digiri na biyu akwai manya sosai. Ga shugaban makaranta da ya kusa ritaya, ga jami'in gwamnati mai direba, ga uwa mai 'ya'ya a jami'a, ga kuma mu da muka gama bautar ƙasa shekaranjiya. Yaya zan ce wa sa'an babana lissafinsa bai fita ba? Amsar tana cikin gidan da muka baro yanzu. Malam Abdullahi na Gwandu ƙanin Shehu Usmanu ne kuma ɗalibinsa, ba wanda ya kai shi girmama Shehu, amma ya saɓa masa a rubuce a kan wasu mas'aloli na mulki, irin su laƙabin sarauta da amfani da kayan kiɗa. Saɓanin bai cire shi daga ƙanin Shehu ba. Girmamawa tana cikin lafazi da murya da zaɓen lokaci. Ka ce "Baba, a gafarce ni, jadawali na biyu kamar jimlarsa ba ta kai ɗari ba". Ka ce "Hajiya, ko za a sake duba shekarar nan?" Dattijon da ka bari ya je gaban malamin waje da kuskuren da ka gani, ba ka girmama shi ba, ka dai ajiye masa kunya zuwa ranar da ta fi muni. Gyara kayanka ai bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Amma kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa, sai da dillali, wato shugaban zama mai riƙe da ƙa'ida. A Amurka an yi wani injiniyan soja, Henry Martyn Robert, da aka taɓa sa shi ya shugabanci wani taro a coci abin ya rikice masa. Wannan ya sa ya zauna ya tsara dokokin gudanar da taro, ya buga su a 1876, kuma har yau ƙungiyoyi da dama da su suke aiki. Uku daga ciki sun dace da mu kamar don mu aka yi su. Kowa da shugaban zama yake magana, ba ya juyawa ya fuskanci abokin musunsa. Wanda ya yi magana sau ɗaya ba ya sakewa muddin akwai wanda bai yi ba kuma yana so. Sannan ana muhawara a kan batu, ba a taɓa niyyar mutum ko halinsa. Ku dubi ta biyun da kyau. A kowane aji akwai mutum uku ko huɗu da ke cinye lokacin tambaya, sauran kuma, musamman mata da masu sanyin murya, sai su naɗe hannu. Sau da yawa tambayar da za ta ceci aikin tana bakin wadda ba a ba ta dama ba.

A Taraba kuma akwai ƙarin dalilin da ya sa ba za mu yi wasa da wannan ba. Jihar da aka cire daga tsohuwar Gongola a 1991, mai ƙananan hukumomi 16, tana cikin jihohin da suka fi yawan ƙabilu a Nijeriya. A aji ɗaya za ka samu Mumuye da Jukun da Fulani da Tibi da Kuteb da Chamba da Mambila da Jenjo da Hausawa, Musulmi da Kirista. Batutuwan da muke bincike a kansu kuwa su ne masu ciwon: rikicin manoma da makiyaya, mallakar ƙasa, sarauta, rabon muƙamai. Wanda ke gabatar da bincike kan rikicin wani yanki, wataƙila a layi na biyu akwai wanda aka ƙona gidansu a rikicin. A irin wannan ɗakin jimla guda ta isa ta rusa komai: "ai ku dama haka kuke". Da zarar an faɗe ta, mai magana ya daina zama ɗalibi mai hujja, ya koma wakilin ƙabilarsa, kowa kuma ya koma bayan nasa. Ina ganin wannan jimlar da 'yan uwanta ya kamata shugaban zama ya tsayar da su nan take, ko daga bakin wa suka fito. Haka nan juyawa zuwa yaren gida a yi raɗa a yi dariya alhali mutum na tsaye yana magana. Ko ba shi ake yi wa ba, ba zai taɓa yarda ba.

In muka kasa tattauna rikicin ƙasa cikin natsuwa mu talatin a ɗaki mai fanka, da takardu a gabanmu, me za mu ce wa mutanen ƙauye? Daga cikinmu ne gobe za a samu sakatarorin ƙananan hukumomi da 'yan kwamitin sulhu. Abin da muka saba da shi a nan shi za mu kai can.

Akwai kuma amana. Semina wuri ne na gwada tunanin da bai nuna ba, dole mutum ya yi tuntuɓe. Akwai wata 'yar uwa da muka fara karatu tare, ta ruɗe a gaban allo ta kasa amsa tambaya mai sauƙi, wani ya ɗauke ta a waya, kafin magariba hoton ya zaga. Wata shida ba ta sake taka makaranta ba, kuma batun da take bincike a kai ya fi na yawancinmu amfani. A Landan akwai cibiyar nazarin harkokin duniya da ake kira Chatham House, wadda tun 1927 ta kafa ƙa'idar da ta shahara da sunanta: kana iya amfani da abin da ka ji a zama, amma ba ka bayyana wanda ya faɗa. Manyan jami'an diflomasiyya ma sun san mutum ba ya sakin baki ya faɗi abin da ke ransa sai ya tabbata ba za a yi tallansa ba. Mu da muka taso da jin cewa majalisa amana ce bai kamata a koya mana wannan daga Ingila ba.

Na san abin da wasu za su ce, don an sha faɗa mini: duniya ba ta da tausayi, malamin waje ba zai lallaɓa kowa ba, gara a gasa mutum a gida ya saba. Akwai gaskiya a ciki. Ban ce a rage zafin tambaya ba, cewa nake a ƙara. Amma a lura, malamin waje na kirki da tambaya yake gasa mutum: me ya sa ka zaɓi wannan hanyar, ina ka samo wannan adadin, me zai faru da sakamakonka in aka cire ƙauye ɗaya. Wanda aka saba yi wa dariya bai koyi amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ya koya shi ne ya zaɓi batu mai sauƙi wanda ba wanda zai kula da shi, ya kwafi tsarin wani tsohon kundi, ya lallaɓa ya fita. Haka ake tara kundaye a kanta suna shan ƙura.

Shi ma mai gabatarwa akwai nasa haƙƙin. Ka zo da biro ka rubuta duk abin da aka faɗa, har wanda ya ɓata maka rai, ka tace a gida. Kada ka katse mai tambaya. In ba ka da amsa ka ce ba ka duba wannan ba, za ka duba, wallahi ya fi kame-kame daraja. Kada ka fake da cewa malamin da ke duba aikinka ne ya ce a yi haka, domin sunanka ne a bangon kundin. In an nuna maka gaskiya ka karɓa a wurin, da baki, kowa ya ji. Ba abin da ke sanyaya zaure kamar mutum ya ce "wannan gyara ne, na gode".

Shawarata ga ajinmu da duk ajin da wannan rubutu ya isa gare shi: kafin semina ta gaba, wakilin aji ya tara mu mu amince da ƙa'idoji a shafi ɗaya, mu kai wa malamin da ke kula da karatun gaba da digiri a sashe ya sa mana albarka. Minti biyu ga kowane mai tambaya. Duk suka ta zo da lambar shafi. Ba mai magana sau biyu sai layi ya zagayo. Ba a ambaton ƙabila ko addinin mai magana a matsayin hujja. Waya a aljihu. Gyaran rubutu da na nahawu a rubuta a takarda a miƙa masa bayan an tashi, kada a cinye lokacin zaure da su. Ba sai an jira majalisar jami'a ta zauna ba, wannan abu ne da ɗalibai za su iya yi wa kansu a mako guda.

Masu gabatarwa a wannan zangon, Allah ya ba da sa'a, ya buɗe ƙirji, ya sa a gama lafiya. Mu kuma masu zama a kujera, don Allah a karanta aikin kafin a shigo.